Lamba biyu a gida ɗaya: wacce PID tsaron Linux yake dubawa?

Tambaya: Ina rubuta wata 'yar manhajar sa ido a Linux da harshen Go. Abu biyu sun ɗaure mini kai. Na farko, lambar da nake ɗaukowa daga eBPF (hanyar gudanar da ƙananan shirye-shirye a cikin kenel, wato zuciyar Linux) a matsayin pid, wato lambar shaidar manhaja mai gudana, ba ta cika dacewa da wadda umarnin ps (mai jero manhajojin da ke gudana) da rajistar tsaro ta audit ke nunawa ba. Na biyu, na ɗora rariyar seccomp (mai tace kiran da manhaja ke yi wa kenel) don hana manhajar buɗe soket (ƙofar sadarwa), amma wani lokaci ta hana, wani lokaci kiran ya wuce abinsa. Kenel ne ke da matsala, ko ni?

Amsa:

Kai ne, ɗan'uwa, amma kada ka damu, ramin nan ya ci mutane da yawa kafin kai, har da ni. Matsalolinka biyu tushensu ɗaya: kalmar pid tana da ma'ana biyu a Linux, ɗaya a bakin masu rubuta manhaja, ɗaya a cikin kenel, kuma hanyoyin tsaro ba su yi ittifaƙi a kan wacce suke nufi ba.

Kenel ɗin Linux bai san wani abu wai shi furoses (process, wato manhaja mai gudana) ba yadda littattafan makaranta ke bayyana shi. Abin da ya sani shi ne task, wato duk abin da za a iya ɗora wa furosesa (CPU) ya gudana. Kowane zare (thread, wato layin aiki guda a cikin furoses) task ne mai zaman kansa, da nasa task_struct. A cikin wannan tsari akwai gurabe biyu, pid da tgid. Gurbin pid lambar zaren ce shi kaɗai. Gurbin tgid lambar rukunin da zaren yake ciki ce. Idan manhaja ta kira getpid, abin da ake ba ta shi ne tgid. Idan ta kira gettid, sai a ba ta abin da kenel ke kira pid. Ka ga an juya sunayen kenan: PID na waje shi ne tgid na ciki, TID na waje shi ne pid na ciki.

Ka ɗauki misalin yadda muke kiran gida. Ana cewa gidan wane, da sunan maigidan, ko da mutum ashirin ne a ciki kowa da sunansa. Rukunin zaruruwa ma ba shi da lambar kansa. Lambar zaren farko ake ara masa. Shi ya sa a furoses mai zare ɗaya lambobin biyu iri ɗaya ne, kuma shi ya sa kuskuren ke ɓuya. Ka gwada manhajarka a kan cat ko ls, komai daidai. Ranar da ta haɗu da Java ko Go ko wata burauza, sai lissafi ya watse.

Tarihi ne ya haifar da wannan. Tsohon laburaren LinuxThreads na Xavier Leroy, wanda aka yi amfani da shi tun wajen 1996, kowane zare furoses ne a idon kenel, kuma getpid yakan ba kowanne lamba daban, abin da ya saɓa wa POSIX, ƙa'idar da tsare-tsaren dangin Unix ke bi. Linux 2.4 na 2001 ya kawo tutar CLONE_THREAD da tunanin rukuni, sannan sabon laburaren zaruruwa NPTL na Ulrich Drepper da Ingo Molnar ya gina a kai, ya zama ruwan dare tare da Linux 2.6 daga ƙarshen 2003. Ba a sake wa tsohon gurbin suna ba, aka dai ƙara sabo a gefensa. Kiran gettid yana cikin kenel tun 2.4.11, amma glibc, babban laburaren C na Linux, bai ba shi ƙofa ta kai tsaye ba sai a siga ta 2.30 a 2019. Shekaru kusan goma sha takwas mutane suna kiransa ta syscall da hannu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka yadda aka ɗauki lambar zare a matsayin sirrin cikin gida.

To ga matsalarka ta farko. Mataimakin bpf_get_current_pid_tgid yana dawo da lamba mai bit 64. Bit 32 na sama tgid ne, na ƙasa pid na kenel, wato lambar zare. Ina da yaƙinin ka yanko na ƙasa, ka sa masa suna pid, tunda sunan mataimakin ma da pid ya fara. Abin da ps ke nunawa, da abin da audit ke rubutawa a gurbin pid= na rikodin SYSCALL, tgid ne. Ka tura lambar zuwa dama da bit 32, za ka ga sun dace. Idan kana son gani da idonka, buɗe /proc/4100/task, a ce 4100 ce lambar furoses ɗinka. Za ka tarar da manyan fayiloli 4100, 4101, 4102 da sauransu. Ka karanta status na 4102, zai ce maka:

Tgid: 4100
Pid: 4102

Umarnin ps -eLf ma yana nuna su gefe da gefe, PID da LWP.

Na taɓa yin irin kuskurenka a wani wurin aiki, kuma nawa ya fi naka muni. Muna da manhaja mai rubuta duk fayil ɗin da aka buɗe a sabar, kuma don kada ta riƙa kai ƙarar kanta, muka ce ta tsallake duk abin da ya fito daga lambarta. Lambar getpid muka ba ta, amma a ɓangaren kenel da bit na ƙasa muke kwatantawa. Zaren farko kaɗai aka keɓe. Zaren da ke rubuta rajista ya buɗe fayil, aka kama shi, aka tura masa labarin ya rubuta, ya sake buɗe fayil, aka sake kama shi. Maciji ya kama wutsiyarsa. Kafin in gama shan shayi faifan ya cika maƙil. Wannan ɓarnar wuri ce kawai. Juya shi ka gani: da jerin waɗanda aka sa wa ido ne muka gina a kan lambar zare, da duk mai son guje mana zare ɗaya kawai zai buɗe ya yi aikinsa a can, ba mu gani ba.

Akwai kuma hawa na biyu da za ka ci karo da shi idan akwai kwantena (keɓaɓɓen muhallin gudanar da manhaja) a injin. Tun Linux 2.6.24 akwai farfajiyar lambobi daban-daban, abin da ake kira PID namespace, don haka zare ɗaya yana iya zama 4102 a idon uwar inji, ya zama 7 a cikin kwantena. Mataimakin eBPF da muka ambata lambobin uwar inji yake bayarwa. Layukan NStgid da NSpid a fayil ɗin status suna jero lambobin kowane hawa. A cikin kenel kuwa, task_tgid_nr da task_pid_nr na uwar inji ne, task_tgid_vnr da task_pid_vnr kuma yadda mai kallo ke gani daga farfajiyarsa. Huɗu kenan, kuma duk huɗun mutum zai iya zuba su a gurbi mai suna pid ba tare da kwamfaila ya ce uffan ba, domin duk pid_t ne. Ni a ganina wannan shi ne babban aibin: nau'i ɗaya ga abubuwa huɗu. FreeBSD ta rage wa kanta wannan ciwon kai ta wata hanya mai sauƙi, lambobin furoses ba sa wuce 99999, na zaruruwa kuma daga 100000 suke farawa, don haka da ganin lamba ka san jinsinta. A Linux daga tukunya ɗaya ake ɗiban duka.

Yanzu matsalarka ta biyu, wadda ta fi muhimmanci, domin ita ba ta rajista ba ce, ta kariya ce.

A kenel ɗin Linux, kusan duk abin da ya shafi izini a jikin zare yake rataye, ba a jikin rukuni ba. Lambar mai amfani, wato uid da gid, da ikon musamman da ake kira capabilities, da lakabin tsarin tsaro na SELinux ko AppArmor, duk suna cikin struct cred, kuma kowane task da nasa manuni zuwa gare shi. Rariyar seccomp ma haka, tutar no_new_privs, mai hana samun ƙarin iko, ma haka. Idan ka ɗora rariya ta prctl, ko ta kiran seccomp ba tare da wata tuta ba, zaren da ya yi kiran kaɗai ta hau, sai kuma duk wanda ya haifa daga baya. Zaruruwan da suka riga suka wanzu ba ruwansu.

Go kuwa kafin aikin main ɗinka ya fara ya riga ya tada zaruruwa da dama, kuma yana yawo da goroutine, wato ƙananan ayyukansa, daga wannan zare zuwa wancan yadda ya ga dama. Saboda haka kiran soket ɗinka caca ce: idan ya faɗo a zaren da ke da rariya, a hana, idan ya faɗo a wani, ya wuce. Abin da kake gani kenan. Ka tabbatar da kanka:

grep Seccomp: /proc/4100/task/*/status

Za ka ga wasu suna da 2, wato akwai rariya, wasu suna da 0. Wanda ya duba /proc/4100/status kaɗai labarin maigida kawai ya samu, bai san halin da sauran 'yan gidan ke ciki ba.

Maganin yana nan tun Linux 3.17 na 2014, aikin Kees Cook: tutar SECCOMP_FILTER_FLAG_TSYNC. Da ita kenel ke ɗora rariyar a kan duk zaruruwan rukuni lokaci guda, ko kuma ya ƙi gaba ɗaya. A libseccomp sunanta SCMP_FLTATR_CTL_TSYNC. Ka kula da abin da kiran ke dawowa da shi. Idan wani zare ya riga ya ɗauki wata rariya ta daban wadda ba za a iya haɗawa ba, kiran ba ya dawo da -1 kamar yadda aka saba. Lambar zaren da ya kawo cikas yake dawowa da ita, lamba sama da sifili. Mai duba ko sakamako ya gaza sifili kawai zai ɗauka an yi nasara, alhali ba a ɗora komai ba ko a kan zare ɗaya.

Sannan ka duba hukuncin da ka zaɓa. Tsohon SECCOMP_RET_KILL zaren da ya yi laifi kaɗai yake kashewa. Sauran su ci gaba, wataƙila suna jiran makullin da mamacin ya tafi da shi a hannu, manhaja ta sandare ba ta mutu ba ba ta yi rai ba. A Linux 4.14 na 2017 aka raba su biyu, SECCOMP_RET_KILL_THREAD da SECCOMP_RET_KILL_PROCESS, tsohon sunan ya ci gaba da nufin na zare. Kusan kullum na biyun kake so.

Za ka iya tambaya: in haka ne, me ya sa setuid, kiran da ke canza uid, a C yake aiki a kan furoses gaba ɗaya? Domin glibc ke yin dabara a bayan fage. Kiran kenel ɗin zare ɗaya yake canzawa. Amma POSIX ya ce duk furoses ne ya kamata ya canza, don haka glibc yakan aika sigina ta cikin gida ga kowane zare, kowanne ya tsaya ya yi kiran da kansa, sannan a dawo maka. Sigina 32 da 33 NPTL ya ware wa kansa don irin waɗannan ayyuka, dalilin da ya sa SIGRTMIN yake farawa daga 34 kenan. Go ba ya bi ta glibc, shi ya sa shekaru da yawa syscall.Setuid a Linux yana dawo da EOPNOTSUPP kawai. Masu harshen sun gwammace su ƙi da su ba ka rabin aiki. Sai a Go 1.16 na 2021 aka gyara, tare da AllThreadsSyscall. Ga capset, kiran da ke canza capabilities, kuwa glibc ba ya yin wannan dabarar ko kaɗan. Ka sauke iko a zare ɗaya, sauran suna nan da cikakken ikonsu. Saboda wannan ne masu libcap suka yi libpsx. Landlock ma, tsarin da manhaja ke taƙaita kanta da shi, da ya shigo a 5.13 a 2021, landlock_restrict_self zaren da ya kira shi yake ɗaurewa da 'ya'yan da zai haifa.

A nan ne nake son ka tsaya ka yi tunani, domin akwai masu jin wannan su ce ai falala ce: sai in sauke ikon zaren da ke karɓar saƙo daga intanet, in bar wani zare da iko yana yin manyan ayyuka. Kada ka yi. Zaruruwan rukuni ɗaya rumbu ɗaya suke ci. Memori ɗaya ce, teburin fayiloli ɗaya ne a al'ada. Wanda ya ƙwace zaren da ba shi da iko yana iya rubutu a kan tarin kira (stack) na zaren da ke da iko, ya canza adireshin da zai koma, ya sa shi aiki. Ba ya buƙatar ptrace, kiran da ake leƙa cikin wani furoses da shi, ba ya buƙatar izinin kowa, domin a idon na'urar sarrafa memori gidansa ne. Ƙofar ɗaki da asabari ba katanga ba ce. Izini a jikin zare yake, amma iyakar tsaro ta gaske a bakin furoses take, inda memori ta rabu. Shi ya sa OpenSSH da burauzar Chrome suke raba aiki zuwa furoses daban-daban maimakon zaruruwa. Kenel da kansa ya san haka a wasu wurare: ba ya barin furoses mai zare fiye da ɗaya ya shiga sabuwar farfajiyar masu amfani (user namespace) ta unshare ko setns, EINVAL zai ba ka. SELinux ma da can ba ya barin setcon, wato canza lakabi, a furoses mai zaruruwa, daga 2.6.28 ya yarda, amma da sharaɗin sabon lakabin ya kasance a ƙarƙashin iyakar tsohon.

Izini na zare yana da amfaninsa, ban ce babu ba. Sabar fayil da ke yi wa mutane da yawa hidima tana iya sa zare ya ari rigar mai buƙata don kenel ya duba masa izinin fayil. Windows ta gina tsari guda a kan haka, inda zare ke ɗaukar alamar shaida ta aro a kan ta furoses. Wannan kariya ce daga kuskuren manhaja mai gaskiya. Ba kariya ba ce daga wanda ya riga ya shigo gidan.

Tunda manhajarka ta sa ido ce, za ta taɓa wasu ƙofofin, kuma kowacce da nata ra'ayin. /proc/self yana nuni ga tgid, wato maigida, ko wane zare ne ya buɗe shi. Idan zare na biyu ya yi ƙoƙarin rubutu a /proc/self/attr/current don canza lakabinsa, kenel zai ga mai rubutu daban, wanda ake rubuta wa daban, ya ce EACCES, domin task kansa kaɗai zai iya rubuta wa. Idan karantawa ya yi, ya fi haɗari: ba kuskure, amma lakabin maigida aka ba shi, ba nasa ba. Don haka aka kawo /proc/thread-self a 3.17, kuma shi libselinux ke fara gwadawa. Sababbin kiraye-kirayen lsm_get_self_attr da lsm_set_self_attr na Casey Schaufler, da suka shigo a 6.8 a 2024, sun kauce wa batun dungurungum: ba ka ba su lamba, a kan mai kira suke aiki.

Sauran a gurguje. SO_PEERCRED a soket ɗin Unix tgid yake bayarwa. fanotify, mai ba da labarin taɓa fayil, tgid yake bayarwa sai idan ka roƙi FAN_REPORT_TID, wanda ya zo a 4.20. Sanarwar seccomp zuwa ga mai kula, wadda ta zo a 5.0, gurbinta sunansa pid amma lambar zare ce a ciki. ptrace zare-zare yake kamawa, duk da cewa takardunsa pid suke cewa. sched_setaffinity da setpriority zare suke taɓawa, prlimit kuma rukuni. PR_SET_PDEATHSIG, da ake zaton yana jiran mutuwar furoses uwa, mutuwar zaren da ya haifi ɗan yake jira. A Go wannan na iya kashe maka ɗa ba gaira ba dalili idan zaren ya fita. Shi kuwa kill, ko lambar zare ka ba shi zai karɓa, amma siginar ga rukuni duka za ta tafi. Na ga wanda ya hango zare mai cin furosesa a top -H, ya buga masa kill -9 yana zaton shi kaɗai zai faɗi, ya rushe rumbun bayanai gaba ɗaya.

Abu biyu kuma suna karya tunanin cewa lamba tana manne da abu ɗaya har ƙarshensa. Na ɗaya, maigida yana iya mutuwa gida ya ci gaba. Idan zaren farko ya kira pthread_exit, yakan zauna a matsayin gawar da ba a binne ba, ps ya nuna Z, sauran zaruruwa suna ta aiki da sunansa. A wannan hali /proc/4100/exe ba ya karantuwa, haka cwd da jerin fd. Manhajar sa ido da ke cewa wannan ya mutu, a wuce, ta bar wa ɓarawo ƙofa a buɗe. Dole ta leƙa cikin task. Na biyu ya fi ban mamaki. Idan zaren da ba maigida ba ya kira execve, kiran da ke maye gurbin manhajar da ke gudana da wata, kenel yakan kashe duk sauran, har da maigidan, sannan ya ɗauki lambar maigidan ya ba wanda ya yi kiran. Zaren da ya shiga execve yana 4102 zai fito yana 4100. Magaji ya gaji sunan gidan. Idan a eBPF ka ajiye bayani a taswira lokacin shiga kira da lambar zare a matsayin mabuɗi, kana jiran ɗauka lokacin fita, a wannan yanayin ba za ka same shi ba. Wurin sa ido na sched_process_exec yana ba da old_pid daidai saboda wannan. Ga sauran kiraye-kiraye kuwa, lambar zare ce mabuɗin da ya dace wajen haɗa shiga da fita, domin zaruruwa biyu na gida ɗaya suna iya kasancewa cikin openat a lokaci guda, kuma idan da tgid ka ajiye, ɗaya zai taka na ɗaya. Wato kana buƙatar duka biyun: lambar zare don bin sawun kira, lambar rukuni don sanin na wane gida ne da yanke hukunci.

Saura batun da ko ka zaɓi lambar da ta dace bai kuɓutar da kai ba. Lambobi ana sake rabon su. Iyakar pid_max ta asali 32768 ce, kuma zaruruwa ma daga nan suke ci. Idan aka kai ƙarshe sai a dawo wajen 300 a sake farawa. A injin bit 64 ana iya ɗaga ta zuwa 4194304, kuma systemd, manhajar da ke tada ayyukan injin, yana yin hakan da kansa tun siga ta 243, amma wannan jinkirta zagayowar ne, ba hana ta ba. Mai mugun nufi yana iya aiko da buƙata, ya mutu, ya sa wani abu mai daraja ya gaji lambarsa kafin ka je /proc ka duba ko wane ne. Ba tatsuniya ba ce: polkit, manhajar da ke ba da izinin manyan ayyuka, ya sha wannan a CVE-2013-4288, inda ake gane mai buƙata da lamba da lokacin farawa, mai buƙatar kuma ya rikiɗe ta hanyar kiran manhaja mai setuid kafin a duba. A 2019 Jann Horn ya sake nuna wata ɓaraka a nan, CVE-2019-6133, cewa lokacin farawa ma ba shaida ce mai ƙarfi ba. Tsohon kiran tkill ma wannan ce ta sa aka yi tgkill, mai karɓar lambar rukuni da ta zare tare, don idan an sake raba lambar zaren ga wani gida a ƙi isar da siginar.

Amsar zamani ita ce pidfd, aikin da Christian Brauner ya jagoranta: maimakon lamba, ka riƙe fayil da ke manne da wannan furoses ɗin takamaimai, wanda ba zai taɓa komawa nuni ga wani ba. pidfd_send_signal ya zo a 5.1, pidfd_open a 5.3, duk a 2019, SO_PEERPIDFD kuma a 6.5 a 2023, don ka karɓi na abokin soket kai tsaye daga kenel ba tare da ratsawa ta lamba ba. A nan ma bambancinmu ya biyo mu. Shekaru biyar pidfd_open shugaban rukuni kaɗai yake karɓa. Ka ba shi lambar zare na biyu ya ƙi. Sai a 6.9 na 2024 aka ƙara tutar PIDFD_THREAD. Don haka idan kana karɓar sanarwar seccomp a kenel da bai kai 6.9 ba, lambar da ke hannunka ta zare ce: ka buɗe /proc da ita, ka karanta Tgid, ka buɗe pidfd da wannan, sannan ka kira SECCOMP_IOCTL_NOTIF_ID_VALID don tabbatar da cewa wanda ya yi kiran yana nan da rai yana jira. Tsarin yana da muhimmanci: buɗewa tukuna, tabbatarwa daga baya. Idan ka juya su ka sake buɗe tagar da kake son rufewa.

Ga manhajarka, ga abin da zan yi da ni ne. A tsarin bayanan da kake turowa daga eBPF ka cire kalmar pid kwata-kwata, ka sa gurabe biyu, tgid da tid, ka cika duka, ka riƙa rubuta duka a rajista. Keɓewa da jerin sa ido su tafi da tgid, ko ma da lambar cgroup idan kwantena kake bi. Rariyar seccomp ka ɗora ta da TSYNC, ka ɗauki duk sakamakon da ba sifili ba a matsayin gazawa, ka fita. In kana da hali, mafi tsafta shi ne kada Go ya ɗora wa kansa komai: ka bar systemd ya yi ta SystemCallFilter ko RestrictAddressFamilies, ko ka rubuta ɗan ƙaramin mai tayarwa mai zare ɗaya da zai sa no_new_privs, ya ɗora rariya, sannan ya yi execve zuwa manhajarka. Rariya tana tsallake execve, kuma duk zaren da Go zai haifa daga baya da ita zai zo duniya. Bayan ka gyara, ka sake buga grep ɗin nan a kan task, ka ga 2 daga sama har ƙasa.